Sanarwar Bayan Taron Ma'aikatan Lafiya na Yawuri, Ngaski da Shanga a Kan Kula da Sugan Majinyata Masu Tsananin Ciwo



Mu 'yan ƙungiyar ma'aikatan lafiya da ke aiki a ƙananan hukumomi uku na Masarautar Yawuri, wato Yawuri da Ngaski da Shanga, mun yi zaman yini guda a garin Shanga, a makon Ranar Ciwon Suga ta Duniya da ake yi kowace 14 ga Nuwamba. Zaman ya haɗa likitoci da nas-nas da ungozomomi da jami'an lafiyar al'umma da masu gwaje-gwaje da masu ba da magani. Wasu sun zo daga Yelwa da Wara da Birnin Yawuri, wasu daga Dugu Tsoho, wasu kuwa sai da suka tsallako ruwa. Tambaya ɗaya ce ta tara mu: idan aka kawo mana majinyaci rai a hannun Allah, ta yaya za mu tabbatar cewa mun kula da sugan jikinsa yadda ya kamata, ba zato kawai muke yi ba?

Abin da taro ya lura da shi

Da farko taro ya yarda cewa maganar ta shafe mu kai tsaye, duk da cewa yawancin abin da aka rubuta a kanta an rubuta shi ne domin ɗakin kulawa ta musamman, wanda jama'a ke kira gobe-da-nisa. Mai tsananin ciwo ba ya fara kwanciya a irin wannan ɗaki. Daga tunga ko gungu yake tasowa, a kwale-kwale ko a bayan babur, ya sauka a ƙaramin asibiti, daga nan a tura shi babban asibiti, in abin ya faskara a kama hanyar Koko da Jega zuwa Birnin Kebbi, wani lokaci har Sakkwato. Sa'o'in nan duka a hannunmu yake. Wani bincike da mujallar The Lancet ta buga a 2025, wanda aka yi a asibitoci 180 na ƙasashen Afirka 22, ya gano cewa ɗaya cikin takwas na manyan da ke kwance a asibiti yana cikin mawuyacin hali, kusan kashi 69 cikin 100 na irin waɗannan suna ɗakunan kwanciya na gama-gari ne, kuma ɗaya cikin biyar ya rasu cikin kwana bakwai. Saboda haka gadon da ke kusa da teburin nas a ɗakin maza ko na yara, shi ne ɗakin kulawa ta musamman na mutanenmu.

Taro ya kuma tunatar da mambobi cewa hawan suga ba sai ga mai ciwon suga ba. Idan jiki ya shiga uƙuba, ko ta dalilin ƙwayar cuta a jini, ko ƙuna, ko haɗarin mota, ko bayan tiyata, yakan saki sinadaran da ke sa hanta ta zubo suga cikin jini, insulin ɗin jiki kuma ya rage aiki. Magani irin dexamethasone yana ƙara ingiza shi sama. Sugan da ya hau ya daɗe yana busar da ruwan jiki, yana hana rauni warkewa, yana ba cuta ƙofa.

Sai dai an fi daɗewa a kan tarihin yadda likitocin duniya suka yi ta sauya matsaya, domin akwai darasi a ciki. A 2001 wata likita a birnin Leuven na ƙasar Beljiyam, Greet Van den Berghe, ta buga sakamakon bincike a kan majinyata 1,548 a ɗakin kulawa ta musamman na masu tiyata. An riƙe sugan rabinsu tsakanin miligiram 80 zuwa 110 ta hanyar insulin a jijiya, sai mace-mace a ɗakin suka ragu daga kashi 8 zuwa kashi 4.6 cikin 100. Asibitoci da yawa a duniya suka rungumi wannan tsari. Ba a jima ba aka fara ganin matsala. A Jamus an dakatar da wani bincike kafin lokacinsa saboda yawan faɗuwar suga. Sai a 2009 aka fitar da babban binciken nan mai suna NICE-SUGAR, a kan majinyata 6,104 a Ostireliya da Niyu Zilan da Kanada. Waɗanda aka matsa wa sugansu ya sauka tsakanin 81 zuwa 108, kashi 27.5 cikin 100 sun rasu cikin kwana 90. Waɗanda aka bari ƙasa da 180 kawai, kashi 24.9 ne suka rasu. Mummunar faɗuwar suga ta sami kashi 6.8 na rukunin farko, amma rabin kashi ɗaya kacal na rukuni na biyu. Garin gyaran gira aka rasa ido. Ko a 2023 da masu binciken Beljiyam suka sake gwadawa a kan majinyata sama da 9,000, da taimakon kwamfuta mai lissafa insulin, matsawar ba ta rage mace-mace ba.

Waɗannan asibitoci ne masu na'urar tura insulin, masu nas ɗaya ga majinyaci ɗaya ko biyu. In har matsawa ta yi illa a can, to a ɗakin da nas ɗaya ke riƙe da gadaje da dama cikin dare da fitilar waya, illarta ta fi haka nesa. Shi ya sa taro ya amince da matsayar da manyan ƙungiyoyin likitoci suke a kai yanzu: a fara insulin idan suga ya tsaya a 180 ko sama, a kuma riƙe shi tsakanin 140 zuwa 180, wato milimol 7.8 zuwa 10.

Taro ya jaddada cewa a ƙasarmu faɗuwar suga ta fi hawansa saurin kisa. Binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa na 2021 ya nuna Jihar Kebbi ce kan gaba a Najeriya, inda aka sami ƙwayar cutar a jinin kashi 49 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar, alhali a ƙasa baki ɗaya kashi 22 ne. Yaron da maleriya ta yi wa tsanani, ya kwana biyu bai ci ba, yana amai, ƙwayar cutar ma tana cin rabonta, sugansa na iya ƙarewa cikin ɗan lokaci. Haka jariri sabon haihuwa, da yaro mai tamowa, da mai juna biyu. Alamun kuwa iri ɗaya ne da na zazzaɓin da ya taɓa ƙwaƙwalwa: jijjiga, sanƙarewa, dogon suma. Ido ba ya bambance su, sai gwaji. Allurar kwinin tana sa jiki ya ƙara fitar da insulin, don haka tana ƙara haɗarin. Binciken da aka buga a 2010 a kan yara 5,425 a ƙasashen Afirka tara, har da Ilorin a nan Najeriya, ya nuna artesunate ya fi kwinin ceton rai, kuma faɗuwar suga bayan fara magani ta fi ƙaranci da shi. A wajen manya kuma, mun sha ganin dattijon da ke shan glibenclamide, ciwo ya hana shi cin abinci amma bai daina shan ƙwayar ba. Irin wannan ko an farfaɗo da shi, sugan kan sake faɗuwa bayan sa'o'i, don haka ba a sallamarsa da wuri.

Masu gwaje-gwaje sun ja hankalin taro ga ita kanta na'urar. Ƙaramar na'urar yatsa an ƙera ta ne domin mai ciwon suga da ke zaune lafiya a gidansa. Idan jini ya faɗi, yatsu suka yi sanyi, abin da take nunawa ba abin dogaro ba ne, gara a ɗebi jini daga jijiya. Idan majinyaci na da ƙarancin jini, na'urori da yawa kan nuna lamba sama da gaskiya, kuma ƙarancin jini shi ne abokin tafiyar maleriya. Ke nan yaron da ya fi kowa shiga haɗari shi ne wanda na'ura ta fi saurin yi wa shaidar ƙarya. Tsinken gwaji ma yana lalacewa da zafi da laima. Yawanci an rubuta a ajiye shi ƙasa da digiri 30, alhali kowa ya san zafin Yelwa a Maris da Afrilu yakan haura 40, ga kuma raɓar bakin ruwa da damina. Kwalbar da aka bari a buɗe a kan taga ta tashi daga aiki ko da kwanan watanta bai cika ba.

Akwai kuma rikicin ma'auni, wanda taro ya ɗauka da muhimmanci ƙwarai. Wasu na'urorin miligiram suke nunawa, wasu milimol, kuma milimol ɗaya daidai yake da miligiram 18. Idan aka rubuta 25 a kati ba a faɗi ma'auni ba, a milimol yana nufin suga ya kai 450, ya hau sosai. A miligiram kuwa yana nufin majinyaci na bakin mutuwa saboda faɗuwa. Wanda ya karɓi aiki ya ɗauki na biyu a matsayin na farko, ya ɗauko insulin, to ya gama da shi. Makamancin wannan shi ne haɗa insulin mai ƙarfin 100 da sirinji na mai ƙarfin 40: a ja zuwa lamba 10, a zahiri an ba da 25.

Daga nan taro ya duba wasu katunan majinyata da mambobi suka kawo, bayan an rufe sunayen majinyata da na asibitoci. Abin da aka gani bai ba kowa mamaki ba, amma ya sosa rai. Gwajin farko yakan samu. Na biyu ne ke wuya. Akwai inda aka rubuta an ba da ruwan suga, ba a rubuta an sake aunawa ba. Akwai inda lamba take ba lokaci. Tsakanin sha biyun dare da asuba kuwa, shafi yakan zama fari fat. Mambobi sun faɗi dalilai, kuma dalilai ne na gaskiya: tsinke ya ƙare, kemis ya rufe, mai jinya ba shi da kuɗin wani gwajin, batirin na'ura ya mutu, nas ɗaya ce a ɗaki. Taro bai ɗora wa kowa laifi ba. Amma ya yarda cewa da irin waɗannan katunan babu mai iya cewa aikinmu ya yi kyau ko bai yi ba.

Ma'aunin da taro ya amince da shi

An yi muhawara a kan ko matsakaicin lissafi ya wadatar, wato a tara lambobin yini a raba. Taro ya ƙi. Majinyacin da aka auna aka sami 140 da 150 da 160, da wanda aka sami 45 da 150 da 255, dukansu matsakaicinsu 150 ne. Na farko yana hannu mai kyau. Na biyu ya leƙa kabari da safe, ya haye sama da yamma, kuma bincike ya nuna irin wannan hawa da sauka shi kansa yana tafiya da yawan mace-mace.

Don haka daga yanzu kowane asibiti da mambobinmu ke aiki zai riƙa duba kansa da tambayoyi biyar a ƙarshen wata. Cikin waɗanda aka kawo a sume, ko suna jijjiga, ko ba sa iya zama ko shan ruwa, nawa aka auna cikin minti goma sha biyar na isowarsu? Cikin gwaje-gwajen da ya kamata a yi, nawa aka yi, kuma a raba lissafin rana da na dare, domin in aka haɗa su rana za ta rufa wa dare asiri. Majinyata nawa sugansu ya sauka ƙasa da 70, nawa ƙasa da 40, minti nawa aka ɗauka kafin a ba su suga, kuma an sake aunawa? Ga waɗanda ke kan insulin, kashi nawa na gwaje-gwajensu ne ya faɗa tsakanin 140 zuwa 180, kuma sau nawa aka ga sama da 180 sau biyu a jere ba a yi komai ba? Sai ta ƙarshe, mece ce lamba mafi sama da mafi ƙasa ta kowane majinyaci a kowace rana?

Taro na ganin tambaya ta uku ce uwa. Asibitin da bai taɓa rubuta faɗuwar suga ko sau ɗaya a wata ba, a ƙasar da maleriya ta yi katutu haka, ya binciki kansa, don mai yiwuwa ba ya aunawa ne.

Matsayar taro

1. Za a yi amfani da takarda ɗaya tak a gindin gadon kowane mai tsananin ciwo, mai ɗauke da lokaci, lamba, ma'auni, abin da aka yi, da sa hannu. Kowace na'ura za a manna mata takarda da ke faɗin ma'auninta da manyan haruffa. Wannan takarda za ta bi majinyaci duk inda aka tura shi, tare da lokacin gwajin ƙarshe da na allurar insulin ta ƙarshe.

2. Gwaji kafin kati, gwaji kafin maganar kuɗi, ga duk wanda ya zo a sume ko yana jijjiga. Inda babu tsinke, a ɗauka sugan ya faɗi a yi magani, domin illar ba da suga ga wanda ba ya bukata ƙarama ce a kan illar hana wanda ke bukata. Ga yara za a bi littafin Hukumar Lafiya ta Duniya: mililita 5 na ruwan suga mai ƙarfin kashi 10 ga kowane kilo na nauyin yaro, a sake aunawa bayan rabin sa'a. In mai kashi 50 ne kawai a hannu, a sirka awo ɗaya da awo huɗu na ruwan allura. In jijiya ta ƙi samuwa, a jiƙa ƙaramin cokali na suga a sa ƙarƙashin harshe, dabarar da aka gwada a kan yara a Burkina Faso da Sikasso ta ƙasar Mali.

3. Mai maleriya da ke sume a auna shi duk bayan sa'a huɗu. Wanda ke karɓar insulin ta jijiya, duk bayan sa'a ɗaya zuwa biyu.

4. A kan ko ƙananan asibitoci za su fara insulin kafin su tura majinyaci, ra'ayi ya rabu. Wasu mambobi daga bakin ruwa sun ce hanya na da nisa, kuma barin mai sugan da ya kai maƙura ba komai zalunci ne. Taro ya ji nauyin wannan magana. Amma mafi rinjaye sun tsaya a kan cewa wanda ba zai iya sake aunawa a hanya ba, kada ya ba da insulin, balle ma a irin wannan hali ƙarin ruwa ne farkon magani, kuma insulin na saukar da sinadarin fotasiyam har ya taɓa zuciya. Ƙaramin asibiti zai auna, ya gyara faɗuwa, ya sa ruwa, ya kira wanda zai karɓa, ya tura. Za a sake duba wannan matsaya idan an sami horo da kayan aiki.

5. Duk faɗuwar suga da ta faru a hannunmu za a zauna a kanta cikin mako guda, ba don a hukunta wanda ke bakin aiki ba. Ranar da aka fara cin mutuncin nas saboda ta rubuta gaskiya, ranar za a fara samun katuna masu kyawun lamba da majinyata masu mutuwa.

6. Insulin da ba a buɗe ba wurinsa firij, tsakanin digiri 2 zuwa 8, kada ya daskare. Inda babu wuta, a sa shi a tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, irin dabarar da Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa har ta kai shi ga lambar yabo ta duniya a 2000. A rubuta ranar buɗe kowace kwalba, kada ta wuce mako huɗu.

Kira

Taro na roƙon Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kebbi da ta sanya tsinken gwajin suga da ruwan suga mai kashi 10 cikin kayan gaggawa na kyauta, ta kuma sayi na'ura iri ɗaya mai ma'auni ɗaya ga asibitocin jihar, domin tsinken wannan kamfani ba ya shiga na'urar wancan. Najeriya na cikin ƙasashen Majalisar Lafiya ta Duniya da ta zartar da ƙuduri a Mayun 2023 a kan ƙarfafa kulawar gaggawa da ta masu tsananin ciwo, kuma wannan na daga mafi arhar matakan cika shi. Muna roƙon hukumar KECHEMA mai kula da inshorar lafiya ta jihar ta tabbatar maimaita gwaji ga wanda ke kwance yana cikin abin da take biya, ba gwajin farko kaɗai ba.

Muna roƙon hukumar HYPPADEC mai raya yankunan madatsun wutar lantarki ta dubi asibitocin bakin ruwa da firij da fitila masu aiki da hasken rana. Dubban mutanen wannan yanki ne suka bar gidajensu da gonakinsu lokacin da aka kammala madatsar Kainji a 1968, kuma jikokinsu sun cancanci a auna su cikin haske. Shugabannin ƙananan hukumomi uku su taimaka da ƙarin ma'aikatan dare da man motar ɗaukar marasa lafiya. Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Birnin Kebbi da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, muna neman su turo mana masu horarwa, su kuma riƙa sanar da mu yadda ta kaya da waɗanda muka tura musu.

Muna roƙon Majalisar Masarautar Yawuri da hakimai da dagatai da limamai da shugabannin coci da sarakunan ruwa su isar da saƙonmu cikin Hausa da sauran harsunan ƙasar nan, ga Gungawa da Kambari da Shangawa da Dukawa da Fulani da Sarkawa masunta.

Taro ya gode wa mutanen Shanga bisa karɓar baƙi, ya yi addu'a ga majinyatan da suka rasu a hannunmu, Allah Ya jiƙansu, Ya ba masu jinya lafiya. Za a sake zama bayan wata uku, kuma kowane asibiti zai zo da takardunsa na gindin gado da amsar tambayoyin nan biyar.

Ga iyaye da 'yan uwa masu jinya kuma: idan yaro ya fara jijjiga ko babba ya suma, addu'a ba ta hana tafiya asibiti, a yi ta a hanya. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa ko kunu a baki, zai shaƙe. A kwantar da shi a gefensa, a jiƙa ɗan suga a sa masa ƙarƙashin harshe, a ɗauko duk magungunan da yake sha, na asibiti da na gargajiya, a taho da su. Da kun iso, ku tambaye mu ko an auna sugansa, in an jima kuma ku sake tambaya. Hakkinku ne, kuma babu ɗan ƙungiyar nan da zai ji haushi.

Sa hannu:
Shugaban Taro
Sakataren Taro
A madadin dukkan mahalarta